Bilyaminu Ya Yi Wa Kujera Gyara

Duk wanda ya kwana biyu a Wurno ya san Bilyaminu Mai Dabara, in ma bai san shi a ido ba, to ya ji labarin rumbun albasarsa. Shi ne mutumin da ya ce iskar Allah ta yi wa albasarsa kaɗan, ya je ya ɗaura wa rumbu fanka uku, ya ja musu wuta da hannunsa. Kafin la'asar rumbu ya kama, unguwa ta yi mako guda tana ƙamshin gasasshiyar albasa. Da mutane suka je yi masa jaje sai ya ce su riƙe jajensu, ai gwaji ne, kuma gwajin ya yi kyau, tunda yanzu ya gane fanka biyu ya kamata a sa. Sunan Mai Dabara kuwa ba wani ne ya raɗa masa ba, shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta masa a bayan mota.

To bana sai Allah ya haɗa masa abu biyu. Na farko motar nan, wata tsohuwa mai ruwan toka da ya saya a hannu na biyar ko na shida, wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Na biyu ɗan fari. Matarsa Mubaraka ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Giyawa, can wajen Goronyo, ta haifi namiji. Don neman fada wajen surukai, Bilyaminu ya sa wa yaro sunan mahaifinta, Malam Zulkifilu. Da haka ya ɗaure bakinsa ɗauri biyu, don mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, balle sunan suruki. Sai dai ya ce "yaron ga" ko "mutumen nawa", yana sunkuyar da kai.

Ana saura kwana biyar a yi arba'in, ranar da zai je ya ɗauko matarsa da ɗansa, sai wayarsa ta yi ƙara. Rahama ce, yayar Mubaraka, ma'aikaciyar jinya a Goronyo, mace da ta ga irin abin da hanya ke kawowa asibiti har ta daina yi wa direbobi murmushi.

"Bilyaminu, ran Assabar za ka zo ko?"

"Da ikon Allah, Yaya. Kuma da motata za ni zo, ba da kabu-kabu ba."

"To ji nan. Yaron ga ba shi shiga mota bisa cinya. Ka sayo kujerar jarirai, na turo maka hotonta."

"Haba Yaya! Mu da munka girma bisa jakkai, mi yas same mu?"

"Abin da yas same ka shi nika guje ma yaro. In ba kujera, ba Mubaraka, ba yaro. Baba ya ji, kuma ya yarda."

Ta kashe wayarta. Bilyaminu ya so ya yi fushi, sai ya tuna wata huɗu ke nan yana cin tuwon saye, yana shiga gida ba mai ce masa sannu da zuwa. Ɗan nasa ma sau biyu ya taɓa ganinsa, shi ma da wutsiyar ido, saboda kunyar mutane. Ya ƙosa su dawo, wannan kam ba ƙarya a ciki. Washegari ya lallashi motarsa ya nufi Sakkwato.

A shagon kayan yara ya nuna hoton. Mai shago ya sauko masa da wata 'yar kujera baƙa mai zurfi, ba ado ba komai. Bilyaminu ya dube ta ya taɓe baki. Idonsa ya riga ya sauka kan wata ja babba, mai wurin aza hannu da wurin aje kofi.

"Waccan nika so."

"Waccan ta yara 'yan shekara huɗu ta, Alhaji."

"Ai yaron zai kai huɗun."

"Kwanansa nawa yanzu?"

"Talatin da shidda."

"To ka bari shi kai, ja tana nan ba ta gudu. Wuyanai bai yi ƙwari ba, wagga baƙar ita ad daidai da shi."

Suka yi ta ja har mai shago ya ce shi ba ya sayar masa da jar, don ba ya son a dawo masa da kuka. Dole Bilyaminu ya karɓi baƙar. Mai shago ya raka shi har bakin mota yana maimaita masa abu uku: a ɗaura ta a kujerar baya, fuskar yaro ta kalli baya, kuma kada a ƙara mata komai da bai zo cikin kwalinta ba. Ya miƙa masa takardar bayani ya ce ya karanta. Bilyaminu ya karɓa da hannu biyu. A Achida ya tsaya ya sayi tsire, mai tsire ya ce takardarsa ta ƙare, to ka dai san sauran.

Majalisar unguwarsu tana ƙarƙashin dogon yaro, gaban shagon Ƙasimu tela. Shi Ƙasimun taubashin Bilyaminu ne, ɗan kawunsa, kuma tun suna yara bai taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba tare da ya taka ta ba. Da aka buɗe kwali sai Ƙasimu ya tsayar da keken ɗinki ya leƙo.

"Wanga akurkin na kazar wa na?"

"Kujerar yaro ta. Ba ka san komi ba sai zare."

"Ina ƙahwahunta?"

"Ba ta da su."

"To ina ado? Ko kwandon tumatur ya hi ta kwalliya."

Wani dattijo ya tambayi yadda ake zaunar da yaro. Bilyaminu ya faɗi abin da mai shago ya ce, baya, kuma yana kallon baya. Sai Ƙasimu ya ce, "Allah sarki. Ɗan Mai Dabara zai shigo Wurno da ƙeya. Mi yas sata?"

Aka kwashe da dariya. Wannan dariyar ita ta kashe kujerar. Bilyaminu ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce waɗanda suka ƙera ta sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ba su san Wurno ba, ba su san zafinta ba, ba su san darajar ɗan fari ba. Ya ce su ba shi kwana ukku, in ya gama da ita, masu kamfanin da kansu za su zo ɗaukar darasi.

A Rabah akwai wani Bube mai yi wa babura da manyan motoci kwalliya. Bube mutum ne da bai taɓa ce wa abokin ciniki a'a ba. Da ka ce masa ka sa wa raƙumi madubi, abin da zai tambaya kawai shi ne na dama ko na hagu. Wurinsa Bilyaminu ya kai kujerar, suka yi wuni guda suna aiki, ɗaya na faɗa ɗaya na cewa ƙwarai kuwa.

Aka huda gefen kujera da abin huda ƙarfe aka kafa sandar ƙarfe, aka ɗora mata fanka ƙarama daidai fuskar yaro, saboda zafi. Aka huda ɗaya gefen aka kafa madubin babur, don yaro ya riƙa ganin kansa kada ya yi kaɗaici. Aka rataya ƙararrawar keke. Aka zagaye bakin kujerar da 'yan fitilu masu ƙyaftawa ja da kore. Aka liƙa geza irin ta gaban tirela. Da Bube ya ga akwai sauran wuri, sai ya ce ai ɗan babban gida ba ya fita ba laima. Bilyaminu ya ce dama maganar tana bakinsa. Laimar ta ƙi buɗuwa cikin mota, sai aka lanƙwasa sandarta aka fitar da ita ta taga. Bube ya ja wayoyi daga inda ya ga waya, ya naɗe da baƙin salatif, ya ce an gama.

Saura bel. Bilyaminu ya dawo Wurno ya aje kujerar gaban Ƙasimu, ya ɗaga maɗauran da suka zo da ita.

"Dubi nan. Kahwaɗa biyu, ƙugu biyu, tsakiya ɗaya. Ɗauri biyat! Ɓarawo anka kama? Ka yanke su, ka ɗunka mini na karan-miski mai taushi, da maɓalli."

Ƙasimu ya ja maɗaurin ya ji ƙarfinsa, ya daina dariya. "Taubashi, wasa dabam, wanga dabam. Almakashina ba shi taɓa wanga abu."

"To ara mini."

Kafin Ƙasimu ya ce wani abu, ƙaras, ƙaras, an gama. Sai ya ga aikin gama ya gama, ya ɗinka masa karan-miskin, har da matashi uku na audugar rimi, don Bilyaminu ya ce yana son yaro ya zauna sama yadda za a hango shi ta gilashi. Amma da Bilyaminu ya juya baya, Ƙasimu ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kujerar ya tura wa Rahama, bai rubuta komai a ƙasa ba.

Ranar Asabar da hantsi aka fito da kujera gaban jama'a. Bilyaminu ya aza ta a kujerar gaba, kusa da direba, tana kallon hanya. Bel ɗin wannan kujerar ta gaba kuwa an daɗe da yanke shi an ɗaure murfin but da shi. Wannan bai dami Mai Dabara ba. Ya ɗauko robar tsohon tiyub, irin wadda ake ɗaure buhun albasa a bayan babur, ya zagaya sau shida ya ƙulle.

"Buhu biyu nika ɗaurewa da wagga roba, in tai Dinawa in dawo bai motsa ba. Balle jinjiri?"

Ya bar wa gwaggonsa Asabe sallahu, ta tara matan unguwa da la'asar, a dafa shinkafa, in an ji hon a rangaɗa guɗa. Ƙasimu ya rufe shago ya shiga baya ya zauna. Ya ce irin wannan kallo ba ya bari a ba shi labari.

Tafiya ta yi daɗi har suka kusa Goronyo. Lokacin kaka ne, an yanke gero, shanu suna tsallaka hanya zuwa gonaki. Suka tarar da garke, Bilyaminu ya tsaya. Makiyayin, wani dogon mutum da malafa, ya tsaya yana kallon laimar da ta leƙo ta taga. Bilyaminu kuwa ba ya ganin mai kallo ya ƙyale.

"Ba ka ga komi ba tukuna. Tsaya ka ga hwanka."

Ya danna makunni. Fanka ta tashi, hon ma ya tashi tare da ita, don ashe Bube waya ɗaya ya haɗa musu. Shanu suka watse. Wani farin bijimi da ke gefen mota ya kaɗa kai a firgice, ƙahonsa ya shiga cikin laima, ya fizge ta da sandarta ya yanki daji. Aka hango shi can cikin karan gero yana gudu, laima buɗe a kansa.

"Laimata!" in ji Bilyaminu.

Makiyayi ya bi bijiminsa da kallo, ya ce, "Bar mishi. Ta hi dacewa da shi."

Bilyaminu ya kashe fanka. Fanka ta mutu, hon ya ƙi. Ya danna, ya daka, ya zagi Bube, hon na nan yana ihu. Ƙasimu ya ce a tsaya a cire waya, Bilyaminu ya ce injiniya ba ya gyara a gefen hanya kamar wani ɗan koyo, in ya gaji zai yi shiru don kansa. Bai gaji ba. Haka suka shiga Giyawa, awaki na tsalle, mata na leƙowa ta katanga, masu babura na bin su a baya don su ga inda gobarar take.

Wanda ya san yadda ake zuwa gidan surukai ya san ana zuwa ne a hankali, a cire takalmi tun daga nesa, a durƙusa, a yi magana ƙasa-ƙasa. Bilyaminu ya yi biyu daga ciki. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Malam Zulkifilu da ke zaune kan buzu da dattawan unguwa. Na ukun ne ya gagara.

"BABA INA WUNI!"

Malam ya kara hannu a kunne.

"NA CE MUN SAME KU LAHIYA!"

Malam Zulkifilu mutum ne mai sanyi, manomin da ya shekara ashirin yana fama da injin ban-ruwa. Ya tashi, ya sa takalmi, ya je ya ɗaga bonet ya zare kan batir. Garin ya yi tsit. Ya dawo ya zauna ya gyara rawaninsa, sannan ya ce, "Lahiya lau, Bilyaminu. Mun ji zuwanku."

Nan Rahama ta fito daga zaure. A bayanta Mubaraka ta tsaya daga ciki da jariri a kafaɗa, tana leƙen mijinta. Rahama ta zagaya motar sau ɗaya, ta buɗe ƙofar gaba, ta tsaya tana kallon kujerar kamar mai duba miki. Jama'a sun cika ƙofar gida.

"Ina bel nata?"

"Na sake mata mai taushi, Yaya. Taɓa ki ji."

"Wa yac ce ka aza ta gaba?"

"Ɗan hwari na. Sai shi shiga garinsu awa kaya?"

"Wanga ƙarhe da ac cikin huskatai hwa?"

"Hwanka ta. Ke kin san zahin Wurno?"

"Matasan ga ukku?"

"Don a gane shi."

Rahama ta ja numfashi. Ta ce masa jariri kansa ya fi wuyansa ƙarfi, shi ya sa ake juya shi baya, don in an taka birki bayan kujera ya tare kai da gadon baya gaba ɗaya. Ta ce matashi lotsawa yake yi, in ya lotsa ɗauri ya yi sako-sako, yaro ya zame. Ta ce duk wani ƙarfe da madubi da ya kafa, ranar tsautsayi su za su fara samun yaro. Ta ce kujerar ma da ya huda ta, ya riga ya kashe ƙarfinta.

Bilyaminu ya yi murmushin tausayi. Ya juya wajen jama'a don kowa ya ji.

"Yaya, ke allura kinka karanta. Wanga hwannin ƙere-ƙere na, cikin jini shike. Wagga kujera ko daga bisa Dam na Goronyo anka jeho ta, abin da ac ciki ba shi ko tari."

Rahama ta buɗe baki, Malam ya ɗaga mata hannu.

"Bilyaminu, ba mu musu da kai, mu ba mu san mota ba. Amma mu nan ko sabon jaki munka saye, ba mu aza mishi tulu sai mun gwada shi da buhun ƙasa. Rahama, ɗauko kabewag ga da ab bisa rumbu."

Ashe tun da hoto ya iso aka tsinke ta aka aje. Rahama ta kawo ta, ta jinjina a hannu ta ce daidai nauyin yaro. Bilyaminu ya ji daɗi ƙwarai, don ba abin da yake so a duniya kamar gwaji gaban taro. Ya karɓi kabewa ya zaunar da ita kan matasai, ya ja karan-miski ya ɓalla maɓalli. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar hula shuɗiya ta ulu, wadda ya saya tun Mubaraka na da ciki wata bakwai, ya ɓoye ta bai nuna wa kowa ba. Ya kafa wa kabewa a ka, ya ɗan karkata ta gefe.

"To ga Alhaji ya shirya. Ku ba da hanya!"

Ƙasimu ya tsinke wayar Bube, aka mayar da kan batir. Motar ta ce ita fa ta gaji, sai da majiya ƙarfi shida suka tura ta. Ta tashi da tari. Bilyaminu ya nufi filin da ke gaban gidan, ya zagaya sau ɗaya yana ɗaga wa mutane hannu, fitilu na ƙyaftawa, ƙararrawa na kaɗawa, geza na lilo. Kabewa na zaune ɗas da hularta. Wasu ma har sun fara cewa kai, mutumin nan fa da gaskiyarsa. Ya sake zagayowa, ya ɗan ƙara wuta, ya leƙo ta taga yana cewa, "Yaya, kin gani?"

Jakin maƙwabta ne ya kawo ƙarshen zance. Tun ɗazu hon ya kore shi bayan danga, yanzu da ya ji shiru sai ya fito abinsa ya tsaya tsakiyar fili. Bilyaminu ya juyo ya gan shi a gaban bonet. Ya taka birki da ƙafa biyu.

Roba ta yi halinta na roba, ta miƙe. Kujera ta yi sujada gaba. Matasai suka lotsa, maɓalli ya yi tsalle ya bar karan-miski. Kabewa ta fita fit, ta bi ta kan ƙarfen fanka, ƙarfen ya tsarge ta, ta daki gaban mota ta tarwatse. Sannan roba ta dawo da kujera wurinta, ba kowa a ciki, ƙararrawa na ta ƙara.

"ZULKIFILU!"

Ihun ya fi hon ɗin ɗazu. Duk Giyawa ta ji shi. Bilyaminu Mai Dabara, wanda kwana arba'in bai bari sunan nan ya taɓa leɓensa ba, ya kwarma shi a ƙofar gidan surukinsa, gaban mai sunan.

Malam Zulkifilu ya ɗago kai daga kan buzu ya ce, "Na'am."

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Bilyaminu ya fito daga mota, 'ya'yan kabewa a gemunsa, ruwanta a gaban rigarsa. Hular tana hannunsa, ta jiƙe, ƙarfen fanka ya keta ta daga goshi har ƙeya. Ya tsaya yana kallonta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ko ranar da rumbu ya ci wuta. Ya nemi abin da zai ce, irin ai gwaji ne, maganar ta ƙi fitowa.

Rahama ta ce, "Gudun ga da kay yi, mai keke na wuce ka."

Daga cikin zaure Mubaraka ta yi magana a hankali, ta ƙanƙame ɗanta. "Maigida, da shi na hwa?"

Bilyaminu ya durƙusa inda yake tsaye, wannan karon ba don gaisuwa ba.

Ƙasimu ne ya ga abin zai yi nauyi, ya leƙa cikin mota ya ce, "Allah shi jiƙan Alhaji. Ya tahi da hulatai." Sai dariya ta ɓalle. Dattawa suka rufe baki da rawani, matan cikin gida har da riƙe ciki. Jakin ma ya ɗaga kai ya sa baki.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Malam ya ce Mubaraka da yaro suna nan sai Asabar mai zuwa. Rahama ta ƙara da nata sharaɗin: ya koma ya sawo wata irin ta farko, ya kawo ta cikin kwalinta, da ledarta, ko salatif ɗin kada ya ɓanɓare, ita za ta ɗaura da hannunta. Aka tattara kabewa aka zuba masa a kwano, Malam ya ce a kai gida a yi miya, kada a yi asara biyu.

Da la'asar suka shigo Wurno. Ƙasimu, Allah ya shirye shi, ya miƙa hannu daga baya ya danna hon. Gwaggo Asabe ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa, aka yo waje da gudu. Gwaggo ta riga kowa isa, ta buɗe ƙofar gaba tana cewa ina angon nata, ina mai gidan nata. Ta ga kujera mai fitilu, ta ga kwano a ciki. Ta ɗaga murfi.

"Bilyaminu, mi na na wanga?"

Ƙasimu ya fito ya gyara hula. "Gwaggo, shi na. Hanya ta ɗan gajiyad da shi."

Shinkafar dai an ci, don ba a mayar da dafaffe ɗanye. Bilyaminu ne kaɗai bai ci ba. Ya shige gidansa da ba kowa a ciki ya ja ƙofa.

Asabar ta zagayo. Ya isa Giyawa ba hon, da kwali a rufe kamar yadda ya fito daga shago. Rahama ta karanta takardar bayani daga farko har ƙarshe yana tsaye. Ta ɗaura kujerar a baya da bel ɗin motar, wanda Allah ya sa na bayan yana nan da ransa. Ta girgiza ta da ƙarfi ba ta motsa ba. Ta kwantar da yaro yana kallon baya, ta ɗaure ɗaurin nan biyar, ta tsunkuli maɗaurin ta ga bai kamu ba, alamar ya ɗauru tam. Mubaraka ta zauna kusa da shi. Bilyaminu ya ɗan ciro wata geza ɗaya tak daga aljihu, ya ce ko a gefe ne. Rahama ta dube shi, ya mayar da ita.

Tafiyar da ake yi cikin awa guda, sai da suka yi biyu da rabi. Masu babura suna wuce su suna tambaya ko mota ta lalace. Wani mai amalanke ya bi su a baya har ya gaji ya ce a ba shi hanya. Yaro ya shigo Wurno da ƙeya, yana barcinsa, ba wanda ya tambayi abin da ya sata.

Kada ka ce Mai Dabara ya daina. Bayan kwana uku yana majalisa yana gaya wa mutane cewa gwajin kabewa shi ya ƙirƙiro shi, dama ya shirya abin ne don ya wayar wa mutanen Giyawa da kai, kuma yana tunanin kai wa hukuma shawarar a riƙa yi wa kowace mota. Yana cikin bayani aka aiko da abinci daga gidan Ƙasimu. Aka buɗe, tuwon shinkafa ne da miyar taushe, ta sha kabewa har ta yi ja. Kowa ya wanke hannu ya matso. Bilyaminu ya leƙa kwanon, ya ja da baya.

"Taubashi, sa hannu mana," in ji Ƙasimu. "Ko kunyar Alhaji kaka ji?"

Bilyaminu bai yi dariya ba. Ya ture kwanon a hankali zuwa gaban Ƙasimu.

"Ku ci. Ni na ga cikinta sanye da hular ɗana."